Modem, maus da kafar COM: a duba IRQ kafin a nufi kasuwa

Wasiƙun da suka taru mana a wannan karon duk na masu riƙe da tsofaffin kwamfutoci ne, irin waɗanda har yanzu ke aiki a sito, a wurin awon kaya da ɗakin gwaji, suna magana da na'urorinsu ta kafar siriyal, kafar nan mai fil tara da ake kira COM. Kowa tambayarsa me zai saya. Wasu sayen ya kama su, wasu kuwa kayansu lafiya ƙalau, lamba ɗaya ce kawai ba ta zauna daidai ba.

Maus yana daskarewa idan modem ya fara kira

*Assalamu alaikum. Muna da tsohuwar Pentium mai Windows 98 a sito, ita ke aika lissafin kaya zuwa ofis ta layin tarho na cikin gida. Modem ɗin cikinta ya ƙone, muka sa wani na hannu, irin mai shiga dogon baƙin gurbin nan. Tun ranar, da zarar ya fara kira sai maus ya daskare, wani lokaci kuma layin ya yanke idan an motsa maus. Mai gyara ya ce mu sayi wani modem. Wane iri ya dace? — Mai kula da sito, Kano*

Wa alaikumus salam, Malam. Riƙe kuɗinka tukuna. Modem ɗin da ya iya ɗaga layi ya buga lamba bai mutu ba, kuma ko guda goma ka sayo ka sa su a saitin da wannan yake, haka za su yi maka. Abin da ka kwatanta alama ce ta na'urori biyu da suka haɗu a kan IRQ ɗaya.

Kowace kafar COM tana da lambobi biyu, kuma cuɗa su da juna shi ne tushen yawancin wahalar. Ta farko ita ce adireshi, ƙofar da furosesa ke zuwa ya ajiye bayani ko ya ɗauka. Ta biyu ita ce IRQ, igiyar ƙararrawar da kafar ke ja don ta sanar da furosesa cewa saƙo ya iso, ya ajiye abin da ke hannunsa ya zo. Ƙofofi huɗu ne: COM1 tana 3F8, COM2 tana 2F8, COM3 tana 3E8, COM4 tana 2E8. Ƙararrawa kuwa biyu kacal aka ware musu. COM1 da COM3 suna kan IRQ 4, COM2 da COM4 suna kan IRQ 3.

Ƙarancin ya samo asali tun daga kwamfutar IBM PC ta 1981, wadda ke da cif ɗaya na Intel 8259 mai layi 8. A 1984 da aka fito da PC/AT aka ƙara cif na biyu, aka ɗaura shi a kan IRQ 2 na na farkon, layukan da za a iya amfani da su suka zama 15. Kafin a zo kan katinka an riga an raba mafi yawa: 0 na agogon tsarin ne, 1 na kibod, 6 na fulofi, 7 na firinta, 8 na agogon kwanan wata, 12 na maus mai zagayayyen baki na PS/2, 13 na sashen lissafi, 14 da 15 na had dis da CD.

Baƙin gurbin da ka ambata sunansa ISA, kuma a kansa na'urori biyu ba sa raba ƙararrawa ɗaya. Cif ɗin 8259 lokacin da wutar layin ta tashi daga ƙasa zuwa sama yake lura da shi. Idan modem ya riga ya ɗaga layin yana riƙe da shi, maus ya zo zai ja, babu wani tashi da za a gani, kiransa ya faɗi ƙasa banza. Maus ɗinka na siriyal ne a COM1, sabon modem kuma kusan tabbas an saita shi a COM3. Ƙofofinsu daban, shi ya sa kowannensu ke aiki shi kaɗai. Ƙararrawarsu ɗaya, shi ya sa suke faɗa idan suka tashi tare.

Ka tabbatar da idonka. Danna My Computer da maɓallin dama, ka shiga Properties, sai Device Manager, ka danna Computer da ke can sama sau biyu. Jerin IRQ zai fito. Idan ka ga COM1 da COM3 a gaban lamba 04, magana ta ƙare. Kada ka jira ganin alamar motsin rai mai ruwan ɗorawa, domin sau da yawa Windows 98 ba ta ɗaukar haɗuwar kafofin COM biyu a matsayin laifi, ta bar su a haka.

Gyaran da muka fi so shi ne a ba modem gurbin COM2 gaba ɗaya, in dai ba abin da ke soke a kafa ta biyu ta bayan kwamfutar. Fara da cire modem ɗin da kafar COM3 daga Device Manager. Kashe kwamfutar ka kunna, ka shiga BIOS, shafin saitin da ake buɗewa kafin Windows ta tashi, da maɓallin Del, ka nemi Integrated Peripherals, ka mayar da Onboard Serial Port 2 zuwa Disabled. A BIOS ɗin za a kashe ta. Kashe ta a cikin Windows kaɗai bai isa ba, don cif ɗin da ke kan madabod, babban allon kwamfutar, zai ci gaba da amsawa a 2F8. Daga nan zare wayar wuta, ka zare wayar tarho ita ma, saboda layin tarho na ɗauke da wutarsa, ka ciro katin. Za ka ga jamfa, 'yan ƙananan robobin nan masu haɗa fil biyu, kuma galibi an buga jadawalinsu a jikin katin. Saita shi a COM2, IRQ 3. Lura cewa a katuna da yawa jamfar adireshi daban take da ta IRQ, mutane sukan matsar da ɗaya su manta ɗayar. Mayar da katin, ka kunna, ka sa Add New Hardware ya nemo kafar, sannan ka ɗora modem a kanta.

Idan kuwa kana bukatar COM2 don wata na'ura, bar modem a COM3 ka matsar da ƙararrawarsa kaɗai zuwa IRQ 5. Amma duba katin sauti tukuna, domin Sound Blaster 16 da masu kwaikwayonsa a kan 5 suke zama tun daga masana'anta. A kwamfutar sito da ba ta bukatar sauti, cire katin sautin ya fi sauƙi. IRQ 10 da 11 galibi a sake suke, sai dai gajeren kati mai haƙora jere ɗaya, wato na bit 8, ba ya kaiwa gare su, iyakarsa 2 zuwa 7. Dogon kati mai haƙora jere biyu ne ke isa can. Bayan ka sa jamfa a 5 sauran aiki biyu. A BIOS, ƙarƙashin PNP/PCI Configuration, mayar da Resources Controlled By zuwa Manual, ka ba IRQ 5 matsayin Legacy ISA, in ba haka ba BIOS ba ta san da katin jamfa ba, tana iya miƙa lambar ga wani katin PCI, irin mai shiga gajeren farin gurbi. A Windows kuma shiga Resources na COM3, ka cire alamar Use automatic settings, ka zaɓi wani Basic configuration da ke barin a canza lamba, ka sa 05. Windows ba ta iya motsa jamfa, faɗa mata kawai kake yi inda ka sa ta.

COM4 kuwa a guje ta idan katin hoton na S3 ne ko tsohon ATI Mach, domin suna amfani da adireshin 2E8 don harkarsu.

Akwai saye ɗaya mai araha da ke warware matsalar ta wata hanya. In madabod ɗin na da kafar PS/2, sayi maus na PS/2, ya koma IRQ 12, ya bar wa modem IRQ 4 shi kaɗai muddin ba a soka komai a COM1 ba. Maus ɗin za ka saya, ba ɗan adaftan da ke mayar da baki mai fil tara zuwa zagayayye ba. Wannan adaftan waya ce zalla a ciki, sai da maus ɗin da aka ƙera shi da jin harsunan biyu yake aiki.

Gwajin ƙarshe: buɗe HyperTerminal, manhajar Windows ta tura wa kafa rubutu kai tsaye, zaɓi Direct to Com2 ko kafar da ka sa, rubuta AT ka danna Enter. OK ya kamata ya fito nan take. Rubuta ATI3 kana juya maus, ka ga ko ɗayansu zai tsaya. In modem ya ce NO DIALTONE a layin cikin gida, ƙara X3 a umarnin farawa, don sautin layin wasu na'urorin raba tarho na ofis ya bambanta da wanda yake jira.

Uku aka kawo mini, wanne zan ɗauka?

*Manhajar da muke aika sakamakon gwaji da ita ta DOS ce, tsohon tsarin da ya riga Windows. An kawo mini modem uku na hannu: ƙaramin kati na PCI mai 56k, shi ya fi araha, da wani na ISA mai jamfa, da na waje na U.S. Robotics mai 33.6 wanda ya fi su tsada. — Ma'aikaciyar ɗakin gwaji, Zariya*

Malama, ɗauki na wajen, in kuɗin bai kai ba ki ɗauki na ISA. Na PCI ɗin ki mayar musu.

Mafi yawan ƙananan katunan PCI masu araha irin da ake kira Winmodem ne. An cire musu wani ɓangare na ƙwaƙwalwarsu, wasu ma kusan duka, an ɗora aikin a kan furosesa ta hanyar direban Windows. In kin ga an rubuta HSP, HSF, HCF ko LT a jikin cif ɗin ko a kwalin, to shi ne. Ba shi da kafar COM ta gaske, direba ne ke ƙirƙirar ta, don haka a DOS zalla manhajarki ba za ta ma san yana ciki ba.

Kada lambar 56k ta ruɗe ki. Ƙa'idar V.90 ta 1998 tana kaiwa wannan gudun ne kawai idan ɗaya ɓangaren yana haɗe da layin dijital, kamar yadda kamfanonin intanet suke yi a da. Modem biyu na gida da ke kiran juna iyakarsu 33,600, ko me aka rubuta a goshinsu.

Na waje ba ya cin sabon IRQ, kafar da ke jikin kwamfutar yake hawa. In ya rikice, a kashe shi a kunna ba tare da taɓa kwamfuta ba. Fitilunsa kuma kayan bincike ne. Rubuta AT ki kalle su: in SD ta ƙyafta, kwamfuta ta aika. In RD ta ƙyafta, modem ya amsa. In duka biyun sun ƙyafta amma ba abin da ya fito a allo, modem da waya lafiyarsu lau, lambar IRQ da aka sa wa manhajar ce ba daidai ba.

Abu biyu ki duba kafin ki biya. Adaftan wutarsa: da yawa daga Amurka aka kwaso su da adafta ta volt 120, wutarmu kuwa 230 ce, soka shi kai tsaye ƙonewa ne. Wasu modem ɗin kuma AC suke ci a bakinsu ba DC ba, don haka ba kowace caja mai baki iri ɗaya ce za ta yi ba, karanta abin da aka rubuta a ƙarƙashinsa. Sai wayar siriyal: miƙaƙƙiya ake so, ta modem, ba wadda aka sarƙe cikinta don haɗa kwamfuta biyu ba, duk da cewa a ido kamarsu ɗaya. Da damina kuma a riƙa zare wayar tarho idan hadari ya taso, don tsawa ta nan take shigowa.

Ƙananan fayil suna wucewa, manya suna lalacewa

*Kwamfutata 486 ce da modem na waje. Na duba, ba abin da ke raba IRQ da shi. Amma idan na sa gudun kafa a 115200 manyan fayil sai su yi ta ba da kuskuren CRC, alamar sun iso a lalace. A 9600 lafiya. Layin ne ko modem? — Mai karatu, Kumasi*

Malam, da layi ne, da modem ɗin ya gyara kuskuren da kansa ko ya rage gudu. Tsakanin modem da furosesa bayanin ke zubewa, kuma wanda muke zargi shi ne cif ɗin UART, mai aikawa da karɓar haruffa, da ke bayan kafar.

Ga lissafin. Kowane harafi yana cin bit 10 a waya, takwas na bayani, ɗaya na farawa, ɗaya na tsayawa. A 9600 harafi 960 ke nan a daƙiƙa, a 115200 kuwa 11,520. Tsofaffin cif 8250 da 16450 harafi ɗaya tak suke iya riƙewa. Dole furosesa ya amsa ƙararrawa ya ɗauke shi cikin kusan kashi 87 cikin miliyan na daƙiƙa, in ya makara na baya ya hau kansa ya shafe shi. Kuma yana makara, domin a jerin fifiko IRQ 8 zuwa 15 suna gaban 3 da 4, had dis da ke kan 14 yana gaban modem. Shi ya sa manyan fayil ne ke lalacewa: daidai lokacin da ake rubuta abin da ya iso a kan dis ake rasa haruffa.

Cif 16550A yana da ma'ajiyar harafi 16. Yana tara su ya ja ƙararrawa sau ɗaya idan sun kai 1, 4, 8 ko 14, gwargwadon yadda aka saita. A kan 8, kira 1,440 ne a daƙiƙa maimakon 11,520, kuma akwai sauran gurbi takwas na jira.

Fita daga Windows gaba ɗaya, a DOS ka rubuta MSD, sunan manhajar binciken kwamfuta ta Microsoft, ka danna C. Zai nuna maka irin UART na kowace kafa. A nan ana iya yarda da shi, amma shafinsa na IRQ ba abin dogaro ba ne, lambobin al'ada yakan jero ko da an matsar da jamfa. In ya ce 8250 ko 16450, buɗe kwamfutar ka dubi katin. Idan cif ɗin dogo ne mai ƙafa 40 a zaune cikin soket, ana ciro shi a sa 16550AFN a gurbinsa, ƙafafunsu ɗaya. In a like yake, sayi katin ISA na siriyal mai 16550A, ka zaɓi dogo na bit 16 mai jamfar da ta kai IRQ 10 da 11, ka kashe tsofaffin kafofin kafin ka sa shi. Harafin A ɗin nan na da muhimmanci, 16550 na farko ma'ajiyarsa ba ta aiki daidai.

In kuma MSD ya ce 16550A gare ka, ba saye a gabanka. A Windows 3.1 ƙara COM2FIFO=1, in modem ɗin a COM2 yake, ƙarƙashin sashen 386Enh na fayil ɗin SYSTEM.INI. A Windows 95 shiga Port Settings, sai Advanced, ka ja ma'aunin Receive Buffer baya da mataki ɗaya. Tabbatar kuma an zaɓi Hardware a wurin Flow control, an sa AT&K3 ga yawancin modem, ko AT&H1&R2 ga na U.S. Robotics. Kafin kati ya samu, 19200 ta fi 115200 mai maimaita aike.

Sabuwar kwamfuta ba ta da COM: wayar USB ko kati?

*Kwamfutar da ke karanta sikelin awon manyan motoci ta mutu. Manhajar tsohuwa ce, COM1 zuwa COM4 kawai take bari a zaɓa. Sabuwar da muka saya ba ta da kafar. Mun sayi wayar USB mai fil tara, ta fito a COM14, manhajar ba ta gan ta ba. Mu sayi katin PCIe? — Mai gidan awo, Maradi*

Alhaji, amsar tana ga manhajar, ba ga kasuwa ba. Dole a fara sanin ta wace hanya take isa kafar.

Idan ta Windows ce, sunan kafar kawai take nema, kuma wayar da ke hannunka na iya wadatarwa. Shiga Device Manager, Ports, danna wayar sau biyu, Port Settings, Advanced, ka canza COM Port Number zuwa COM2 ko COM3. In an rubuta in use a gabansu alhali ba komai a soke, tsofaffin na'urorin da aka taɓa sokawa ne suka bar sunansu. Danna View, Show hidden devices, ka goge waɗanda suka dusashe. Wayar USB ba ta da adireshin 3F8, ba ta da IRQ nata, don haka rikicin da muka yi bayani a sama bai shafe ta ba.

Idan kuwa ta DOS ce, ba suna take bi ba. Kai tsaye take zuwa 3F8 ta jira IRQ 4. A nan katin PCIe ma ba zai cece ka ba: BIOS na ba shi adireshi can sama, irin su E000, da IRQ na tarayya, manhajar da ta san ƙofofi huɗu kacal ba za ta taɓa zuwa can ba. Tarayyar ita kanta ba laifi ba ce a PCI, domin a can ana riƙe layin ne har sai an biya wa kowa bukatarsa, kuma direbobi suna tambayar junansu wa ya kira. In ka ga katunan PCI uku a kan IRQ 11, kada ka taɓa su. Amma tsohuwar manhajar DOS ba ta san wannan tsarin ba.

Hanya biyu ce gare ka. Ta farko, a gudanar da manhajar cikin DOSBox, mai kwaikwayon tsohuwar kwamfutar DOS, a rubuta serial1=directserial realport:COM3 a fayil ɗin saitinsa. Shi zai nuna wa manhajar COM1 a 3F8 da IRQ 4, ya riƙa miƙa bayanin ga wayar USB. Ga sikeli mai turo lambobi a hankali wannan yakan yi. Ta biyu, wadda muka fi natsuwa da ita a wurin da kuɗin mutane ke rataye a kan awo, ita ce sayen kwamfutar ofis ta hannu mai kafar COM ta asali, irin Dell OptiPlex 755 ko 780 da takwarorinsu na HP da Lenovo. Kafarsu tana 3F8 da IRQ 4 kamar ta da. A kasuwa ka ƙirga da kanka: ta siriyal fil 9 gare ta a tsaye, jere biyu. Mai ramuka 15 a jere uku ta allo ce. Leƙa kuma madabod ɗin sabuwar taka, da yawa suna da fil da aka rubuta COM ko COM1 a gefensu, waya da ƙarfen baya kawai suke jira.

In wayar USB za a zauna a kai, tambayi cif ɗin da ke ciki. Na FTDI muka fi ba da shawara. Yana da lambar shaida tasa, don haka ko an canza ramin USB lambar COM ba ta canzawa, kuma a Advanced ana iya rage Latency Timer daga 16 zuwa 1 ko 2 idan na'urar na jiran amsa da sauri. CH340 yana aiki kuma yana da araha, sai dai lambarsa na bin ramin da aka soka shi, a sa wa ramin alama kada yaran shago su canza. Masu sunan Prolific PL2303 jabunsu sun cika kasuwa, sabon direba kuma yana ƙin su da kuskuren Code 10. Akwai kuma 'yan ƙananan alluna na USB masu fitar da volt 3.3 ko 5, na masu haɗa Arduino. Waɗannan ba RS-232 ba ne, wadda ke aiki da wuta mai hawa sama da sifili da sauka ƙasa da shi, tsakanin volt 3 da 15 kowane ɓangare. Haɗa su da sikeli na iya ƙona su.

Kafin ka bar shago, gwada: haɗa fil 2 da fil 3 da guntun waya, buɗe PuTTY ko HyperTerminal a kan kafar da Flow control a None, ka rubuta haruffa. In suna dawowa allo, aikawa da karɓa suna aiki. Sannan kwafi gudu da sauran saitin daga littafin sikelin, domin wasu sikeli bit 7 da Even suke amfani da su, ba 8 da None ba, kuskure a nan shi ke kawo tarkacen haruffa.

A Linux amsa tana zuwa a makare

*Na haɗa modem na GSM mai aika saƙonni a kafa ta uku ta wata kwamfutar masana'antu mai Linux. Idan na rubuta AT a minicom, manhajar magana da kafar siriyal, OK yana fitowa amma bayan dogon jira, kuma a gutsure. — Ɗalibi, Sakkwato*

Ɗalibi, wannan jinkirin shi ne fitacciyar alamar direba yana sauraron ƙararrawar da ba ita kafar ke ja ba. Linux daga sifili yake ƙirga, kafa ta uku ita ce ttyS2. Rubuta setserial -g /dev/ttyS2 ka ga abin da ya ɗauka. Sau da yawa 4 zai nuna bisa al'ada, alhali BIOS na irin waɗannan alluna ta ajiye kafar a 5, 10 ko 11. Gwaji mai sauri shi ne setserial /dev/ttyS2 irq 0, wanda ke sa direba ya daina jiran ƙararrawa ya riƙa leƙawa da kansa. In jinkirin ya ɓace, ka kama ɓarawon. Shiga BIOS ka karanta lambar gaskiya, ka ba shi, misali setserial /dev/ttyS2 irq 10. Umarnin ba ya canza komai a jikin allon, sanar da direba kawai yake yi, kuma yana gushewa idan an kashe kwamfuta, sai ka sa shi cikin abin da ke gudana lokacin tashi. Bar minicom a buɗe, a wata taga ka duba cat /proc/interrupts, lambar da ke gaban ttyS2 ta riƙa ƙaruwa duk lokacin da modem ya amsa. In akwai ModemManager, manhajar Linux mai kula da modem, a kan na'urar, dakatar da shi lokacin gwaji, yakan aika wa modem nasa umarnin ya cuɗe da naka.

Na sa ƙarfen baya mai kafar COM, shiru

*Madabod ɗina na da fil na COM. Na sayi waya mai faɗi da ƙarfenta na soka, Windows ta nuna COM1 lafiya, amma ba na'urar da ke amsawa. — Mai gyaran kwamfuta, Gusau*

Malam, Windows cif ɗin take gani, ba ta ganin wayar. Waɗannan wayoyin iri biyu ne kuma ba a bambanta su da ido daga waje. A ɗaya, zare na 1 zuwa na 9 suna bin fil 1 zuwa 9 a jere. A ɗayar suna tsallake tsakanin jere biyun: zare na 1 fil 1, na 2 fil 6, na 3 fil 2, na 4 fil 7, haka har ƙarshe. Buɗe littafin madabod ka ga inda RXD, TXD da GND suke, ka sa mita a kan gwajin haɗuwa, ka bi su. RXD ya fito a fil 2, TXD a fil 3, GND a fil 5. In ba su faɗa nan ba, ɗaya irin ka saya, ko ka kwance murfin ka sake like zaren tara da kanka. Duba kuma jan zaren gefe yana kan fil 1 na madabod, sannan a BIOS a tabbatar kafar na kan Normal, ba IrDA ba, domin a tsofaffin alluna wannan zaɓin yana karkatar da kafa ta biyu zuwa fil na infrared, ta bar bakin baya ba komai.